Baba Firi da Jif Mai Batir

Duk wanda ya taɓa zama a motar da Baba Firi ke ja ya san inda sunan ya samo asali. Da zarar hancin mota ya sunkuya, ko da gangaren bai taka kara ya karya ba, hannunsa ya kai kan giya ya zare ta, ya bar motar a firi tana gangarawa da nauyinta, ƙafarsa na shawagi a saman birki. Sai ka ga ya gyara zama yana murmushi, kai ka ce kyauta aka yi masa. A wurinsa kuwa kyautar ce, tunda mota ta yi tafiya ba ta sha mai ba.

A karen mota ya fara, yana saurayi, a ƙarƙashin wani direban babbar mota mai saurin hannu. Mutumin nan in ya ji an taka totur ba gaira ba dalili, ba ya ɓata bakinsa, sai dai ka ji ranƙwashi a tsakar ka. A hannunsa Baba Firi ya koyi cewa ba a motsa mota da safe sai an ɗuma ta, baƙin mai kuma in ba shi da kauri ba baƙin mai ba ne, gangare kuwa rabon direba ne da Allah ya ajiye masa a hanya. Ya ja babbar mota, ya ja tasi har bayansa ya fara ƙorafi, daga nan ya samu aiki a gidan wani dattijo ɗan kasuwa. A gidan nan ya tsufa.

A gabansa aka haifi 'yar dattijon, wadda yanzu kowa ke ce wa Likita. Shi ya kai uwarta asibiti, shi ya dawo da su. Shi ya riƙa kai ta makaranta, kuma yarinya ce da ba ta shiri da mota, kullum a shatale-tale ɗaya take amai, har ya zama yana ajiye tsumma da ruwa a ƙarƙashin kujerarsa saboda ita. Da dattijon ya rasu aka raba kaya, ba wanda ya tsaya tambayar ina Baba Firi zai koma. Ya bi Likita gidan mijinta, ya ci gaba da kai ta asibitinta yana dawo da ita.

Marigayin bai taɓa tambayarsa maganar mai ba, ko sau ɗaya. Wata rana ma wani baƙo ya ba shi shawarar ya riƙa sa ido a kan direbansa, sai ya yi dariya ya ce, "Firi? Ko gidan mai ka ba shi ajiya, sai ka dawo ka tarar ya ƙaru." Baba Firi na wanke taya a lokacin, ya ji da kunnensa. Ba shi da gida nasa, haya yake. Ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ya tara a duniya ke nan, wannan shaidar, kuma ita ce wata mota da ko ƙara ba ta yi ta tashi cinye masa a cikin 'yan watanni.

Mijin Likita, Lauya, ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne dai da yake so abin da ya karanta ya zo daidai da abin da ya gani, in bai zo ba to dole wani ya amsa tambayoyi. Shi ya sayo motar. Jif ce baƙa wuluk, doguwa, kujerunta na fata masu launin madara, irin wadda ake kira haibirid, wato inji da wani ƙaton batir ne ke karɓa-karɓa wajen jan ta. Wanda ya sayar masa ya tabbatar masa cewa man da tsohuwar motarsu ke shanyewa a mako, wannan sai ta yi mako biyu tana lasa. Lauya ya riƙe wannan maganar gam.

Safiyar farko Baba Firi ya shiga, ya yi bismilla, ya danna maɓalli. Allon gaba ya kawo wuta, amma shiru. Ya sake dannawa, wutar ta ɗauke. Ya sake dannawa. Maigadi ya baro bakin ƙofa ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a baya.

"Ai ta tashi, Baba," in ji Lauya ta taga. "Haka take, ba ta ƙara."

Da ya koma gida ya ce wa matarsa an ba shi motar da ba ta amsa gaisuwa. Mutumin da ya saba da kunne yake tuƙi, yana jin tarin inji ya san abin da ke damunsa, yau an haɗa shi da kurma. Bai daɗe ba ya gano cewa in ya taka totur tana fake, injin na farkawa. Shi ke nan, ya samu abin da yake so. Kullum da safe sai ya zauna ya tashe shi da ƙarfin tsiya, ya bar shi yana gurnani har sai ransa ya ba shi cewa ya ɗumu.

Sai kuma kujerun. Yaran Likita ba sa shiga mota sai da biskit a hannu, ita kanta da kofin shayinta take fitowa. Baba Firi ya dubi fatar nan mai launin madara, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya auna kujerar baya da igiya, ya kai wa matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta. Ta samo yadin labule mai kauri da laushi, ta zauna ta ɗinka wa kujerar riga har ƙasa, da aljihun saka ruwa, da roba a baki don ta kama. Ɗinki ya yi kyau, ba ƙarya, Likita ma sai da ta aika mata da godiya.

A gefen kujerar, ƙasa-ƙasa kusa da ƙofa, akwai wata 'yar taga mai raga. Baba Firi ya durƙusa ya leƙa, ya ga ƙura na taruwa a bakinta. Ya yi tsaki. Wane irin mai ƙera mota ne zai bar rami daidai inda yara ke zubar da ɓurɓushin biskit? Ya yanko soso ya cusa, ya ja rigar kujera ya rufe, ya miƙe yana karkaɗe hannu. To ta wannan tagar batirin ke shan iska. Ba wanda ya gaya masa. Littafin motar na aljihun gaba a cikin ledarsa, da yaren da ba ya karantawa, kuma ko da yana karantawa, mutumin da ya haura shekara arba'in a kan sitiyari ba ya tambayar takarda yadda ake kula da mota.

Ba a rufa wata biyu ba Lauya ya fara leƙa allon mota kafin ya wuce ofis.

"Baba, yaushe aka sha mai?"

"Shekaranjiya, ranka ya daɗe."

"Shekaranjiya?" Ya ƙara duban allon, ya gyara gilashinsa. "Ikon Allah."

Iyakar abin da ya ce ke nan, amma wannan "ikon Allah" ta yini tana yi wa Baba Firi yawo a ciki. Shi ma ai yana gani. Motar da aka ce lasa take yi, ga ta tana kwankwaɗa. Injin da da farko yake yin shiru a cunkoso, yanzu ya daina hutawa, yana ta aiki ko a tsaye suke.

Sai ya ƙara ƙaimi, ta hanyar da ya sani. Firi a babban gangaren da ke tsakanin gida da asibiti, firi a gangaren gada, firi har a 'yar saukowar bakin ƙofar gida. Likita na fita zai kashe esi mai sanyaya motar, ya ɗage gilasai saboda ƙura, ya zauna a ciki yana narkewa. Inuwa ɗaya ce a harabar asibitin, ƙarƙashin wata bishiya, amma tsuntsaye sun mai da ita banɗaki, don haka ya gwammace ya ajiye motar a tsakiyar rana. Ya rage gudu har masu babur na wuce shi suna ɗaga masa hannu, wai ko gawa ya ɗauko. Abin takaici, duk wata dabara da ya ƙara, man sai ya ƙara gudu.

Ya kai ta wajen Sifana, tsohon abokinsa bakanike, wanda rumfarsa ta kwano ke bayan tasha, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Sifana ya buɗe bonet, ya ga wasu wayoyi masu kauri launin lemo sun yi kwance-kwance, ya mai da hannuwansa baya a hankali. Amma bakanike ya ce bai sani ba? Ba dai a rumfar Sifana ba. Ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya busa matatar iska. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, ya taɓe baki.

"Ga matsalarka nan. Wannan ai ruwan shayi ne. Ƙatuwar mota kamar wannan a sa mata wannan tsululun?"

Ya tsiyaye shi tas ya ɗura mai kauri. Baba Firi ya ji sanyi a ransa, ya biya daga aljihunsa, bai gaya wa kowa ba. Ya jira mako guda yana kallon allon nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ba abin da ya ragu, sai ma nauyi da motar ta ƙara yi wajen tashi.

Ran wata Asabar ya ɗauki makulli zai je shan mai, Lauya ya fito da silifas da jarida a hammata.

"Mu je tare, Baba. Ina son in ɗan sha iska."

Shan iska a gidan mai. To. Suna isa Lauya ya fito ya tsaya a jikin famfo, ya zuba wa lambobin ido tun daga farko har ƙarshe, ya dubi mai zuba man, ya dubi Baba Firi, ya sake duban lambobin. Matar da ke zuba man ta daɗe da sanin Baba Firi, kullum sai sun yi barkwanci tana ce masa ya rage rowar totur. Ranar kuwa sai ta sunkuyar da kai ta rufe tanki. Wannan sunkuyar da kan ya fi masa zagi ciwo. Asabar ta gaba ma Lauya ya so shan iska, haka wadda ta biyo ta.

Maigadi ne ya ƙarasa shi, kuma ba da mugunta ba, shi dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya ce jiya bayan Baba ya tafi, ya ga maigida ya shiga gareji yana bin jarkoki ɗaya bayan ɗaya, yana buɗewa yana sunsunawa. Jarkokin ruwan wankin mota ne. Baba Firi ya ce, "Allah Sarki," ya ci gaba da goge gilashi, ya yi ta goge wuri ɗaya.

A gida ya kasa cin abinci. Ya zauna bakin gado, hula a gwiwa, keken ɗinki na ta kakat-kakat a gefe har Mai Keke ta gaji ta cire ƙafa.

"Malam, wai sai ka kashe kanka a kan motar mutane? Ka gaya wa yarinyar nan mana."

"Ba yarinya ba ce, Likita ce."

"Likitar da ka sha goge wa amai? Ka buɗe baki ka yi mata magana. Kai a kan mota bakinka ba ya mutuwa, a kan kanka kuma sai ka zama gunki."

"In ce mata me? Ba wanda ya ce na yi wani abu."

"To me ya hana ka cin abinci?"

Washegari a cikin cunkoso ya daure, ya dubi Likita ta madubi. Tana baya a kan rigar kujerar Mai Keke, waya a hannu ɗaya, takardun marasa lafiya a cinya.

"Likita, ina da magana."

"Ina ji, Baba." Ba ta ɗago ba.

"Maganar man nan ce."

"Wash, Baba, kaina kamar zai tsage. Don Allah ku daidaita da Lauya, shi ya san kan motar nan."

Ya jira. Ba wani dogon jawabi yake nema ba, kalma ɗaya ce, ta ce Baba ai na san ka. Fitila ta ba da hannu, na baya ya danna masa oda, ya ja mota. Har suka isa asibiti ba ta sake cewa komai ba sai "sannu da aiki" da ta saba faɗa tana fita. Ranar ya ji haushinta, ya ji haushin kansa da ya tambaya, motar kuwa da wuta ce a hannunsa da ya cinna mata.

Motar ce ta raba gardamar da kanta. Wata rana da azahar, rana ta take, suna hawan tudun asibiti bayan ta yini a shanye, wata wuta ta kama a allo, wata ja ta biyo ta da ƙara. Injin ya ɗauki kuka, motar ta yi nauyi, ya taka totur har ƙasa tana rarrafe. Ya samu ya gangara gefen titi. Likita na da mara lafiya da ke jiranta, ta tsayar da tasi ta shige, ta leƙo ta ce Lauya zai turo masa kwatancen inda zai kai ta. Baba Firi ya tsaya a gefen ƙatuwar jif, masu wucewa na kallonsa. Shi da bai taɓa barin ubangidansa a titi ba, yau ga 'yar marigayi a tasi.

Da motar ta huce ta yarda ta motsa, ya lallaɓa ta zuwa garejin da aka kwatanta masa. Ba irin garejin da ya sani ba ne. Ƙasa da tayil, ba ɗigon mai, kayan aiki a rataye kowanne da wurinsa. Mai wurin mace ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba, da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, ma'aikatanta na ce mata Mai Kwamfuta. Ta gaishe shi da ladabi, ta jona wata waya a ƙarƙashin sitiyari, ta ɗan jima tana kallon kwamfutarta.

"Baba, batirin nan zazzaɓi yake yi, kuma ba yau ya fara ba. Shiga mu zaga. Ka tuƙa yadda ka saba, kar ka yi mini kara."

Ya ja, tana gefensa da kwamfuta a cinya. Suna kaiwa gangaren farko hannunsa ya yi abin da ya saba.

"Me ka yi yanzu?"

"Na hutar da ita."

"Mai da ita giya, ka dubi nan." Ta nuna masa wasu kibiyoyi a allon motar, waɗanda tun zuwanta ya ɗauka ado ne. Da ya mai da giya, kibiyoyin suka juya suna gudu daga taya zuwa batir. "Ka gani? In tana gangara a giya, ko kana taka birki a hankali, tayoyin ne ke yi wa batir caji, kyauta. In ka sa firi ka yanke wannan. Gangaren nan abincinta ne, Baba, kai kuma kullum sai ta miƙa hannu ka ɗauke kwanon. Dole inji ya ƙona mai ya cika mata."

Ta tambaye shi abin da yake yi da safe, ya faɗa. Ta ce wannan motar ta san lokacin da za ta ɗuma kanta, man da yake ƙonawa a tsaye asara ce. Ta tambayi wanda ya sa baƙin mai, ya ce wani ne. Ta ce injin da ke mutuwa yana tashi a kowace mahaɗa ba ya son mai kauri. Ta tambayi esi, ya ce yana kashewa don tattali. Ta ɗan rufe ido, ta ce batirin iskar cikin motar yake shaƙa, in direba na narkewa shi ma narkewa yake.

Da suka dawo ta buɗe ƙofar baya, ta tsuguna, ta ɗaga bakin rigar kujera. Ta zaro soson da yatsu biyu ta ajiye a tayil. Ta kwance ragar, ta haska fitila, ta kira shi ya gani. Wata 'yar fanka ce a ciki, ta yi dam da ƙura da gashin yadin labule, da ƙyar take juyawa. Mai Kwamfuta ba ta yi dariya ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi, ya samu wanda zai yi wa faɗa.

"Ya mutu?" ya tambaya.

"Bai mutu ba. Ya dai tsufa kafin lokacinsa." Ta cire safar hannu. "Baba, gara ka ji daga bakina. Mai motar ya kira ni kafin ka iso. Bai fara da tambayar wutar da ta kama ba. Ya tambaye ni ko ana iya zuƙo mai daga tankin nan da tiyo."

Baba Firi ya nemi kujera ya zauna. Ya daɗe da sani, amma sani daban, a ji an furta wa baƙuwa daban.

"Na ce masa da wuya, bakin tankin na da kariya," ta ci gaba. "Zan gaya masa fanka ce ta toshe. Tana toshewa ko ba a taɓa ta ba. Ba sai na ce ga wanda ya toshe ta ba."

Tayin ya shige shi, ba ƙarya. Direban da ya ƙona batirin jif da hannunsa, wa zai sake ba shi makulli a wannan shekarun? Amma ya san Lauya. In aka ce masa fanka, zai zauna ya raba man gida biyu, ya ba fanka rabi, ya bar wa Baba Firi rabi. Ba abin da zai wanke shi tas sai a ga duk inda man ya bi, kuma duk inda ya bi, hannunsa ne a wurin. Ko ya zauna a ɓarawon da ba a kama ba, ko ya fito a jahilin da ya kama kansa.

"Na gode, 'yata," ya ce. "Ba ni soson. Ki zuba mini ƙurar nan ma a leda."

Da yamma ya same su a falo. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, aka ce ya zauna ya ce a'a. Ya ajiye rigar kujera a naɗe, ya ɗora soso, ya ɗora ledar ƙura. Ya faɗi komai da bakinsa, tun daga ɗumin safe har zuwa baƙin man Sifana, bai rage ba, bai nemi a tausaya masa ba.

Lauya ya ɗauki soson ya juya shi, sai ya fashe da dariya har ya cire gilashi yana share ido.

"Na faɗa, wallahi na faɗa! Na ce motar nan ba za ta yi ƙarya ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Baba Firi. "Motar ba ta ƙarya." Ya juya wajen Likita. "Na lalata muku batir, wannan na ɗauka. Amma ban taɓa shan manku ba, ko cokali ɗaya. Ba a gidan nan ba, ba a gidan mahaifinki ba."

Likita ta ajiye kofinta. "Haba, Baba. Wa ya ce ka sha?"

Ta dubi mijinta. Lauya ya mai da gilashinsa, ya ware hannu. "Ni dai ban taɓa furta haka ba."

Kuma gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Bai taɓa furtawa ba. Shan iska ya je, jarkokin gidansa ya sunsuna, tambaya ya yi wa bakanika. Ina mutum zai kai ƙarar maganar da ba a faɗa ba? Wa zai janye ta, wa zai ba da haƙuri a kanta? Baba Firi ya zo da kayan shaidarsa niƙi-niƙi ya tarar wai babu ma shari'ar. Likita ta ce komai ya wuce, kar ya sa a ransa, ta sa a kawo masa lemo. Ya ce ya ƙoshi, ya sa takalminsa.

Ba a kore shi ba, ko faɗa ba a yi masa ba. Ya koma ɗalibi da furfurarsa. Ya daina ɗumin safe, ya riƙa danna maɓalli ya ja motar a shirunta. Ya koyi ɗaga ƙafa tun daga nesa ya bar ta ta ci gangarenta, ya koyi taka birki sannu-sannu, ya bar esi a kunne ko shi kaɗai ne, yana jin sanyin kamar haram yake ci. A babban gangare yakan danne hannunsa na dama a cinya don kar ya kai wa giya. Man ya sauka, ya sauka sosai, har Lauya na yi wa abokansa kuri da motar, yana haɗawa da labarin soso su yi dariya.

Wata Asabar Lauya ya miƙo masa katin shan mai daga kan kujera, ko jaridarsa bai sauke ba.

"Je ka kawai, Baba, yau ba na jin fita."

Ya tafi shi kaɗai. Matar gidan mai ta washe baki da ta ga ba kowa a gefensa, ta fara tsokanarsa kamar da. Ya amsa mata sama-sama. Da ta gama za ta mai da bututu, ya ce ta dakata. Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya matsa kusa da famfo, ya ɗauki hoton lambobin. Ya koma cikin mota ya ɗauki hoton allo. Matar ta daina dariya.

Ran Litinin suna hanya Likita ta ɗago daga wayarta.

"Baba, waɗanne hotuna ne ka turo mini?"

"Na man da na sha ne."

"Na tambaye ka?"

"Ba ki tambaya ba."

Suka wuce gada. Ya ga ta madubi ta ajiye wayar, ta zuba wa ƙeyarsa ido, yadda ba ta yi ba tun tana 'yar makaranta.

"Don Allah ka daina, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba na so."

Ya ce, "To, Likita."

Asabar ta zagayo, ya je ya sha mai, ya tura mata hotunan.